Tunawa

Tunawa ita ce ikon da ƙwaƙwalwar ɗan Adam take da shi na karɓar bayani, da adana shi, da dawo da shi idan buƙata ta taso. Mutane da yawa suna ɗaukarta kamar kaset, a naɗi abu yau a kunna shi gobe yadda yake. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna ba haka abin yake ba: duk sanda mutum ya tuna wani abu, sake harhaɗa shi yake yi daga gutsattsarin da suka rage, ya cike giɓin da abin da ya sani ko ya ji daga baya.

Yadda take aiki

Akwai tunawa ta gajeren lokaci, wadda ke riƙe abu na 'yan daƙiƙoƙi, kamar lambar waya kafin a rubuta ta. A 1956 George Miller ya ƙiyasta cewa abubuwa kusan bakwai take iya ɗauka a lokaci guda, masana na baya kuma suka rage adadin zuwa wajen huɗu. Sai ta dogon lokaci, wadda ke iya kaiwa ƙarshen rayuwa.

Wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfus yana da babban aiki wajen mai da abin da ya faru yanzu ya zama ajiyayye. An gane haka ne ta dalilin Henry Molaison, wani Ba'amurke da aka cire wa mafi yawan wannan sashe a 1953 don a rage masa farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma har ya rasu a 2008 ba ya iya riƙe sababbin abubuwan da suka faru da shi. Abin mamaki, da Brenda Milner ta sa shi koyon zanen tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, kullum ƙara ƙwarewa yake, alhali ba ya tuna ya taɓa gwadawa. Wannan ya nuna tunawar aikin hannu daban take da tunawar labari.

Inda kuskure ke shiga

Mantuwa ita ce matsalar da kowa ya sani. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaitawa tana rage ta. Wadda ta fi haɗari ita ce tuna abin da bai faru ba. A 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Cambridge ya bayyana yadda ya ba Turawan Ingila wata tatsuniyar 'yan asalin Amurka, ya riƙa sa su maimaita ta. A hankali suka zubar da abin da ya yi musu baƙo, suka gyara sauran ya dace da al'adarsu.

A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. An ce wa wasu motocin sun "bugi" juna, wasu kuma aka ce sun "ragargaji" juna. Bayan mako guda, 16 cikin 50 na rukuni na biyu suka ce sun ga fasasshen gilashi, a rukunin farko kuwa 7 ne kawai. Babu fasasshen gilashi a fim ɗin.

A gaban kotu

Nan ne lamarin ke iya cin rayuwar mutum, domin mai shaida yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya a kan kuskure. A 1984, a jihar Karolina ta Arewa, wata ɗaliba da aka yi wa fyaɗe ta nuna Ronald Cotton, da farko a hoto, sannan a jerin mutane. Kowane nuni ya ƙara kafa fuskarsa a zuciyarta. Ya shafe sama da shekara goma a kurkuku kafin gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya wanke shi a 1995, ya tabbatar da laifin a kan wani mutum daban.

Saboda irin wannan, masana suna ba da shawarar a rubuta maganar shaida tun a tambayar farko, tare da gwargwadon tabbacinsa a lokacin, kuma jami'in da ke nuna masa hotuna ya kasance bai san wanda ake zargi ba.