Ilmin Rarrabe Ƙwarin Itace, Daga Samaru Zuwa Dutsin-Ma

Duk wanda ya taɓa faskara busasshen reshen bagaruwa a dajin da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ya tarar da ramuka cike da gari mai kama da dusa, to haƙiƙa ya ga aikin tsutsar ƙwaro mai dogon ƙaho, wanda malamin Faransa Latreille ya raɗa wa danginsa Cerambycidae a 1802, dangin da a yau aka san iri kimanin 35,000 a cikinsa.

Magabatanmu a wannan fanni, tun bayan kafa tashar binciken noma ta Samaru a 1922, tarawa ce aikinsu, amma hukunci yana hannun wasu: a soke ƙwaro da allura, a rubuta gari da kwanan wata, a aika Landan, sa'an nan a zauna jiran fatawa. A Turai kuwa Stephan von Breuning, wanda ya rasu a 1983, ya raɗa wa dubban ire-iren wannan ƙwaro suna, sau da yawa da taƙaitaccen bayani, lamarin da ya bar wa na baya wahalar tahaƙiƙi.

Abin da muka gada, wanda kuma nake ganin shi ne ruhin sana'ar, shi ne ƙin yarda da launi, domin gashin bayan ƙwaro yakan goge, tsoho ya fito tamkar wata halitta dabam, namiji kuma yakan fi mace tsawon ƙaho har ɗalibi ya zaci iri biyu ne. Dubi jinsin Crossotus, masu ruwan toka, mazauna itatuwan ƙaya: sai ka sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka bi gaɓoɓin ƙaho goma sha ɗaya, ka gwada ta uku da ta huɗu, ka duba ƙayar gefen wuya da tukkayen gashin fiffike, in shubuha ta ƙi gushewa ka feɗe namijin ka duba al'aurarsa, kafin ka yi shahada.

J. T. Medler ya wallafa jerin ƙwarin Nijeriya a 1980, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuma ta samu a 2011, alhali gatarin masu itacen girki bai huta ba. Ina roƙon malamanta da ɗalibanta, don Allah su tanadi akwatunan ƙwarin ƙasarmu, kowane da sunan bishiyar da aka same shi, tun bishiyoyin suna tsaye.