“To” ɗin da ba a faɗa a sama

Wani dare cikin watan zafi muna zaune a fada a Yamai, shayi na farko bai ma sauka ba, sai wani abokina, ɗan unguwarmu tun Maraɗi, ya ce in raka shi tasha gobe da safe ya karɓo saƙo. Na ce masa “to”. Ya ajiye mafici ya dube ni: “Wane to ɗin? To na ji, ko to zan je, ko to ka ƙyale ni?” Kowa ya yi dariya ban da ni, don shekara ta uku ke nan ina sashen ilimin harsuna, ban taɓa zama na ƙirga ma'anonin wannan ƴar kalma ba. Shi kuwa aikin hasumiyar jirgi yake koyo a EAMAC, makarantar da ASECNA ke horar da masu yi wa jirage jagora a nan Yamai tun 1963. Ya ce a wurinsu kalma irin wannan tana cikin abin da ya taɓa cinye rai 583 a yini ɗaya. Na ɗauka burga ce, ka san ƴan makarantar jirgi. Da na bi diddigi sai na tarar bai ƙara gishiri ba, na kuma tarar kusan kowace kalma da matuƙin jirgi ke faɗa a rediyo tana da tarihinta, wasu ma da gawarwaki a bayansu.

A farkon shekarun 1920 jirage na kai da kawo tsakanin filin Croydon na Landan da Le Bourget na Paris. Aka nemi jami'in rediyon Croydon, Frederick Mockford, ya samo kalmar neman agaji wadda Bature ɗan Ingila da Bafaranshe za su gane lokaci guda. Ya ɗauko “m'aider” na Faransanci ya sa mata rigar Ingilishi, ta zama Mayday. Taron duniya kan rediyo da aka yi a Washington a 1927 ya amince da ita. Sau uku ake faɗarta a jere don kar a ɗauka hira ce. Tana da ƙanwa, Pan-pan, ta matsalar da ba ta kai ga rai ba tukuna, ita kuma daga “panne” ta fito. Wato pan ɗin nan da direbobinmu ke cewa mota ta yi tsakanin Dogondutse da Ƙwanni, da shi da wanda ake kira a sama uwarsu ɗaya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne haruffa, don a nan ne ɗan sana'armu ya shigo. Bayan yarjejeniyar Chicago ta 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifi hukumar OACI, ana amfani da jerin sunayen haruffa na sojan Amurka da Ingila, Able, Baker da sauransu. A cikinsa harafin R shi ne Roger, kuma R na nufin “saƙo ya iso”. Shi ya sa har yau ake jin “Roger”, alhali an daɗe da sauya sunan harafin zuwa Romeo. Matsalar ita ce bakin Basifaniye da na Bafaranshe ba sa iya waɗannan kalmomi yadda kunne zai rarrabe. Sai OACI ta ba Jean-Paul Vinay aikin a 1948 da 1949, malamin ilimin harsuna a jami'ar Montreal. E, Vinay ɗin nan dai na Vinay da Darbelnet, wanda littafinsu na kwatanta salon Faransanci da Ingilishi ya hana mu barci a shekara ta biyu. Sharaɗin shi ne kowace kalma ta zama sananniya a Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci, kuma a ji ta ko rediyo na shaƙewa. Jerin farko na 1951 bai yi ba: Nectar na rikicewa da Victor, Extra ma na shiga cikinsu. Aka sake gwaji da mutanen ƙasashe 31, aka cire kalma biyar, Coca, Metro, Nectar, Union da Extra, aka sa Charlie, Mike, November, Uniform da X-ray. Ranar 1 ga Maris 1956 jerin da ake amfani da shi yau ya fara aiki. Ku lura da rubutun: Alfa da f ne, don ba kowa ya san ph na karantuwa f ba; Juliett da t biyu, don kar Bafaranshe ya haɗiye na ƙarshe kamar yadda ya saba. Lambobi ma an yi musu aski: uku ta zama “tree”, biyar “fife”, tara “niner” don kar ta yi kama da biyar. Filin jirgin Diori Hamani a wannan yare Delta Romeo Romeo November ne, na Damagaram kuwa Delta Romeo Zulu Romeo.

Duk wannan gyaran sauti ne. Gyaran ma'ana sai da aka yi jana'iza.

Ranar 27 ga Maris 1977 bam ya tashi a filin jirgin Gran Canaria, aka karkata jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos na tsibirin Tenerife. Cikinsu akwai Boeing 747 biyu, na KLM da na Pan Am. Da aka buɗe hanya, gajimare ya sauko ya rufe filin, hasumiya ba ta ganin jiragen, su ma ba sa ganin juna. Na KLM ya kai ƙarshen titin tashi ya juyo, na Pan Am na tafe a kan titin guda yana neman mafita. Hasumiya ta karanta wa KLM hanyar da zai bi bayan ya tashi, ba izinin tashi ba. Mataimakin matuƙi ya maimaita, ya rufe da cewa yanzu suna “at take-off”. Masana harshe sun lura cewa a yaren Holan haka ake gina “muna cikin yin abu”. Shi yana nufin sun fara gudu, mai hasumiya, Basifaniye, ya ji “muna tsaye a wurin tashi”. Ya ce “OK”, ya ɗan tsaya, sannan ya ƙara cewa su jira zai kira su. Daidai lokacin Pan Am ya danna rediyo yana cewa har yanzu yana kan titi. Murya biyu suka haɗu suka zama ƙara, abin da ya isa kunnen KLM sarai shi ne “OK” kawai. To ɗin ke nan.

Akwai wani abu da na kasa mantawa. Injiniyan jirgin KLM ya ji wani abu bai kwanta masa ba, ya tambaya ko Pan Am ɗin bai fita ba ne. Tambaya ya yi, bai ce a tsaya ba. Wanda ke tuƙi, Jacob Veldhuyzen van Zanten, shi ne babban mai horar da matuƙan 747 na kamfanin, hotonsa ne a tallarsu. Ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Duk mutum 248 na KLM suka mutu, da 335 na Pan Am. 61 suka tsira. Daga nan aka ƙulle kalmar “take-off”: ba a furta ta sai wajen ba da izinin tashi ko soke shi, sauran lokaci “departure” ake cewa. “OK” kuwa ba ta cikin kalmomin aiki. Umarni mai nauyi sai ka maimaita shi da bakinka, mai hasumiya ya ji ko abin da ya faɗa ne ya shiga.

Hira ma an sa mata iyaka. A 11 ga Satumba 1974 wani DC-9 na Eastern Air Lines na saukowa Charlotte cikin hazo, matuƙan na taɗin siyasa da tsofaffin motoci, ba wanda ya kula da tsayin jirgi. Suka bugi ƙasa kafin filin, mutum 72 cikin 82 suka rasu. A 1981 Amurka ta yi doka: ƙasa da ƙafa 10,000, kusan mita 3,000, ba zance sai na aiki. Sama da nan, a yi ta labarin albashi da iyali.

Wanda ya fi ba ni tsoro a matsayina na Bahaushe shi ne Avianca 52, ranar 25 ga Janairu 1990. Boeing 707 ne daga Kolombiya zuwa New York, aka sa shi shawagi fiye da awa guda saboda mugun yanayi, mai na ƙarewa. Matuƙi ya ce wa mataimakinsa da Sifaniyanci ya shaida wa hasumiya suna cikin halin gaggawa. Mataimakin ya roƙi a ba su fifiko, ya ce mai na ƙare musu, amma bai furta Mayday ko kalmar gaggawa ba, cikin ladabi da kwanciyar murya yake magana. Masu hasumiya suka ɗauke shi kamar kowa. Injuna suka mutu, mutum 73 cikin 158 suka tafi. Na tuna kakata a asibiti, kwana biyu kafin rasuwarta, duk wanda ya ce “yaya jiki” sai ta ce “da sauƙi”. Haka aka rene mu. Ba ma ce wa babba ya yi kuskure, sai mu ce “anya kuwa?”, kamar injiniyan nan na Tenerife.

A nan ne muka yi ta gardama da ƴan ajinmu. Tun da kundin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, wasu ke cewa sai ranar da aka saukar da jirgi da Hausa a Yamai za su yarda an yi wani abu. Ni ina cikin masu son a koyar da lissafi da shari'a da Hausa, kuma ba na ganin aibi a harshen ta fuskar sauti. Rediyo na yanke sautuka na sama, inda s da f ke bambanta, amma karin sauti na wucewa lafiya. Ɓ da b, ɗ da d, za su so irin aikin Vinay, shi ke nan. Sai dai mitar rediyo ba hirar mutum biyu ba ce, kowane jirgi da ke kusa yana saurare don ya san inda ɗan uwansa yake. A 25 ga Mayu 2000, a filin Charles de Gaulle na Paris, an ba wani MD-83 izinin tashi da Faransanci, aka yi wa wani ƙaramin jirgin kaya na Ingila magana da Ingilishi. Ƴan Ingilan ba su fahimci an sallami wancan ba, suka shiga titi, fiffike ya yanke ɗakin tuƙinsu, mataimakin matuƙi ya mutu. Faransawa da duk alfaharinsu da harshensu ke nan. Tun 5 ga Maris 2008 OACI ta wajabta wa matuƙa da masu hasumiya na zirga-zirgar ƙasa da ƙasa su kai mataki na 4 cikin 6 a Ingilishi. Sararin da Yamai ke kula da shi jiragen Turai zuwa kudancin Afirka ke ratsa shi kowane dare. Ba na son a ƙara harshe na uku a wannan mitar, ko da nawa ne. In muna da ƙarfin da za mu kashe, a fara da sanarwar cikin jirgi, inda tsohuwa mai zuwa Makka za ta ji yadda ake buɗe ƙofar gaggawa da harshen da ta sani.

Abokina ya ce duk da dokokin nan gaisuwa ba ta mutu ba. Tsakar dare, in mita ta yi shiru, matuƙi kan saƙa “bonsoir” ko sallama kafin ya faɗi lambar jirginsa, ba wanda ke tsawata masa.

Da za mu watse ya sake tambayata zancen tasha. Na gyara zama na ce: “Gobe, ƙarfe bakwai, bakin tasha, zan zo.” Ya girgiza kai. “Bakwai da rabi na ce, mutumina. Sake.”