ZARE: Wace takarda mai gudun yaƙi yake riƙewa? Daga Yukren zuwa Kano

1/ Jama'a, ranar 4 ga Maris 2022 abubuwa biyu suka faru a rana ɗaya. Tarayyar Turai ta ba 'yan Yukren masu gudun yaƙi izinin zama da aiki nan take. A Abuja kuma jirgin Max Air ya sauke rukunin farko na 'yan Najeriya daga Romaniya. Bam ɗaya suka guje wa, amma makomarsu ta sha bamban. Me ya sa? Ku biyo ni, amsar tana cikin tarihi.

2/ Mu koma baya shekara ɗari. Bayan juyin juya halin Rasha na 1917 da yaƙin basasar da ya biyo baya, ɗimbin mutane sun tsere, da yawansu ta tashoshin ruwan Odesa da Kirimiya. A 1921 gwamnatin Sobiyet ta soke musu zama 'yan ƙasa. Mutum yana raye, amma a takarda babu shi. Ba shiga, ba fita, ba aiki.

3/ Sai wani ɗan Norway, Fridtjof Nansen, kwamishinan 'yan gudun hijira na Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani, ya fito da dabara a 1922: takardar shaida ga wanda ba shi da ƙasa. Ita ake kira fasfon Nansen. Ƙasashe sama da 50 sun amince da ita. Daga nan aka fara ɗaukar ɗan gudun hijira a matsayin mai haƙƙi, ba mai bara ba.

4/ Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi Yarjejeniyar Janiba ta 1951. Ginshiƙinta: kada a mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Amma fa akwai tarko: ta shafi abubuwan da suka faru kafin 1951 ne kawai, kuma ƙasa tana iya taƙaita ta ga Turai. Sai a 1967 aka cire wannan shinge.

5/ Ko bayan nan, sai ka nuna KAI ake farauta saboda addininka, ƙabilarka, ra'ayinka na siyasa da makamantansu. To wanda bam ya rushe wa gida fa, alhali ba wanda ya san sunansa? Afirka ce ta amsa wannan. Yarjejeniyar OAU ta 1969 a Adis Ababa ta ce wanda mamaya ko rushewar zaman lafiya ta kora, shi ma ɗan gudun hijira ne. A nan mun riga Turai, ku riƙe wannan.

6/ Turai ba ta farga ba sai da yaƙe-yaƙen Yugoslabiya da Kosobo suka tura mata jama'a a shekarun 1990. A 2001 ta yi dokar kariya ta wucin gadi: idan mutane suka kwararo lokaci guda, a ba su mafaka a dunƙule, ba sai an yi wa kowa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ba.

7/ Dokar nan ta yi shekara 21 tana barci a durowa. A 2015 da 'yan Siriya suka riƙa nutsewa a Bahar Rum, ba a taɓa ta ba. Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, cikin kwana takwas aka tashe ta. Izinin zama, aiki, asibiti, makarantar yara. Sama da mutum miliyan 4 suka shiga ƙarƙashinta, kuma an yi ta sabunta wa'adin.

8/ Sauran ƙasashe ma kowa da ƙofarsa. Birtaniya ta ce magidanci ya sauki ɗan Yukren a gidansa, gwamnati ta riƙa ba shi fam 350 a wata. Kanada ta ba da izinin zama da aiki har shekara uku. Amurka ta buɗe biyu: TPS ga waɗanda suke can tun da farko, da izinin jinƙai na shekara biyu ga wanda ya samu mai tsaya masa.

9/ Ku lura: duk waɗannan na wucin gadi ne. Ba zama ɗan ƙasa ba ne. Gwamnatin da ta bayar tana iya janyewa idan iskar siyasa ta juya. Kayan aro ba ya rufe katara.

10/ Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Dubban ɗaliban Najeriya ne a Yukren lokacin, da yawansu masu karatun likita a Kharkiv, Kiyef da Sumi. Rahotanni sun yi ta fitowa cewa ana ture baƙar fata daga jiragen ƙasa, ana tsayar da su a iyaka cikin sanyi. Har sai da Macky Sall da Moussa Faki suka fitar da sanarwa da sunan Tarayyar Afirka ranar 28 ga Fabrairu.

11/ Wanda ya tsallaka kuma sai ya tarar da wani katangar. Kariyar Turai ta ɗan Yukren ce da iyalinsa, da wanda yake da mafaka a can, sai mai izinin zama na dindindin da ba zai iya komawa gida lafiya ba. Ɗalibi mai bizar karatu? An bar wa kowace ƙasa ta ga dama. Hujjarsu: kai kana da ƙasar komawa.

12/ Gwamnatin Buhari ta ware dala miliyan 8.5, Max Air da Air Peace suka yi jigila. An dawo da rai, Alhamdulillah. Amma wanda yake aji biyar a likitanci, iyayensa sun sayar da fili, ya dawo da jaka ɗaya. Ga hukumar likitoci ta MDCN ta ce ba ta karɓar karatun likita da aka ƙarasa ta intanet. A Afrilun 2023 kuma yaƙin Sudan ya maimaita mana darasin, ɗalibanmu suka kwana da kwanaki a iyakar Masar.

13/ Kafin mu zagi Turawa mu tashi, mu leƙa gida. Mu ma mun yi gudu. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas. Har yau akwai garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan. Daga 2019 kuma dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina jihar Maraɗi ce ta sauke su da 'yan bindiga suka kore su.

14/ Mun kuma sauki baƙi. Ni ɗan Na'ibawa ne, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san wani da ya ci abinci a kamfanonin Sharaɗa, Challawa ko Bompai. Da yawansu na iyalan Labanawa ne da suka daɗe a Kano. Yaƙin basasar ƙasarsu na 1975 zuwa 1990 ya sa wasu suka biyo dangi nan. Buzayen da farin 1973 ya kora su ma nan suka sauka, da yawa suka kama gadi.

15/ Kano har sulhu ta karɓa: a Maris 1979 nan aka zaunar da Goukouni Oueddei da Hissène Habré kan yaƙin Cadi. A shekarar ce kuma ECOWAS ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta kwana 90 ba biza.

16/ Amma mun kuma yi kora. Janairun 1983, kuɗin mai ya karye, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Sama da mutum miliyan ɗaya suka tafi, yawancinsu 'yan Gana, har da 'yan Nijar da Cadi. Jakar nan da kuke zuba kayan makaranta a ciki, daga nan ta samo sunanta. Laifi tudu ne.

17/ Abin da tarihin nan ya nuna mini: tausayi yana buɗe ƙofa, amma takarda ce take hana a rufe ta. Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in za ka fita karatu: ka san irin izinin da ke hannunka, ka yi rajista da ofishin jakadancinmu, fasfonka ya kwana a wurinka ba wurin ejan ba, kuma duk zango ka karɓi sakamakonka ka adana a imel.

18/ In kuma wanda yaƙi ko fari ya koro ya zo unguwarku neman ɗakin haya, ka tuna da mutanen Mai Wurno kafin ka ƙara masa kuɗi. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Ku tura wa wanda yake shirin fita waje.