Goyo a bayan aji: yaushe aka fara mantawa da mu?

Makon jiya na shiga tes da goyon ɗana ɗan wata 7, don mai riƙe mini shi ta tafi suna. Yana fara ƙananan kuka wani a bayana ya ce, "Hajiya, nan fa ba asibitin awo ba ne." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma a keke napep ina komawa Azuba, maganar ta ƙi barina. Da ƴan biyu: shin mu ne muka shigo wajen da ba namu ba, ko kuwa wajen ne aka gina ba da mu a lissafi ba?

Karatun matar aure ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ma matar aure ce mai ƴaƴa, mijinta Waziri Giɗaɗo. Abin da ya fi burge ni a tsarinta na Ƴan Taru shi ne ta san matar da ke cikin hidimar gida ba za ta iya barin yara ta yi doguwar tafiya ba. Don haka ta naɗa jajoji, dattijan mata, ta ba su malafa a matsayin shaida. Su ne ke zuwa wurinta tare da ƴan mata, su haddace waƙoƙin ilimi, su koma ƙauyuka su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Wato karatun ne ke bin uwa har tsakar gida.

Boko ya zo da nasa tsarin. Makarantun ƴan mata na farko da Turawa suka buɗe a Kano da Katsina wajen 1930, da kwalejin horon malamai mata ta Sakkwato a 1939, duk an tsara su ne a kan yarinyar da ba ta yi aure ba. Ana ɗaura aure, a mafi yawan lokuta, an rufe littafi. Sai a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, matan aure da zawarawa suka samu ƙofar komawa aji. Ita ma cibiyar malamai ta ƙasa, NTI da ke Kaduna, karatunta na ƙarshen mako da lokacin hutu ya fitar da iyayenmu mata da yawa malaman firamare. Gwaggona ta nan ta bi, da ƴaƴa huɗu.

Mu a nan jiharmu ma yarinya ce, ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Nasarawa. Jami'ar tarayya ta zo Lafiya a 2011, ga foliteknik, ga kwalejin noma. Alhamdu lillahi, makaranta ta matso kusa, shi ya sa irina muke iya kwana a ɗakin aure mu wayi gari a lakca. Sai dai jadawalin har yanzu na gwauro ne: lakcar ƙarfe 7 na safe, a ɗage ta zuwa 4 na yamma ta saƙon WhatsApp, a sa tes ranar rigakafi.

Kuɗi kuma fa? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota daga Azuba zuwa cikin gari da dawowa ya zama abin da nake fara warewa kafin cefane. Ga madara, ga kunzugun zamani, ga hoton takardu, ga ɗan ihsani ga mai raino. Bashin NELFUND da aka fara a 2024 yana ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, kuma wallahi yana rage zafi. Amma kuɗin ɗaya ne ga saurayin da ke ɗaki shi kaɗai da uwa mai baki biyu. Magidantan ajinmu ma suna ciki: akwai mai yin acaba da dare ya zo yana gyangyaɗi a lakca, muna masa tsiya.

A ajinmu mu biyar ne masu goyo. Mun fara karba-karba: wadda ba ta da lakca ta zauna da yaran a gindin mangwaro kusa da masallaci. Wannan semestan za mu rubuta wa ƙungiyar ɗalibai mu nemi ɗaki guda da tabarma da randa. Duk wadda ke da goyo a wani sashen, ko namijin da matarsa ke karatu, ya yi mini magana kafin Juma'a mu haɗa sunaye.