Asalin Kalmar "Monsoon" da Dangantakarta da Damina da Hunturu a Ƙasar Kano

Duk malamin da ya taɓa koyar da labarin ƙasa da Hausa ya san inda a kan yi tuntuɓe. Da an zo babin iska da ruwan sama sai a tarar littattafan Turawa suna kiran iskar da ke kawo damina da sunan "monsoon". Waɗansu malamai su kan fassara ta da "damina" kurum, waɗansu su ce "ruwa mai yawa", waɗansu kuwa su bar ta yadda ta ke, almajirai su haddace ba su san abin da suka haddace ba. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun kalmar tun daga inda ta fito, a gwada ta da kalmominmu na gida, sa'an nan a ga wadda ta kamata a sa cikin littattafan makaranta. Za a ga cewa a asalinta ba ta nufin ruwa, ba ta nufin iska. Abin da ta ke nufi shi ne lokacin da aka yanka domin tafiya da ciniki.

1. Tushenta a Larabci

Kalmar Balarabiya ce, "mausim", jam'inta "mawasim". Ta fito daga haruffa uku, wawu da sinun da mimun, waɗanda ma'anarsu ita ce sa alama. Larabawa su kan kira lalas ɗin da a ke yi wa raƙumi don a san mai shi "wasm". To, "mausim" shi ne lokacin da aka sa wa alama cikin shekara, wanda kowa ya san zuwansa. Sabo da haka aka kira kwanakin aikin hajji da wannan suna, haka kuma manyan kasuwannin shekara irin ta Ukaz, inda kabilu su kan taru kafin zuwan Musulunci. Har yanzu mutanen Maroko suna kiran taron shekara na ziyarar waliyyai "musim".

Akwai wata kalma daga tushen nan wadda ta kusanci maganarmu, watau "wasmi". Shi ne ruwan farko, an kuwa sa masa wannan suna don yana yi wa ƙasa alama da tsiro. Manomin Kano da ya ga fako ya yi kore bayan ruwan shuka ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

2. Yadda ta shiga teku, ta faɗa bakin Turawa

A Tekun Indiya iska ta kan yi wajen wata shida tana busowa daga kudu maso yamma, sa'an nan ta juya ta yi wajen wata shida daga arewa maso gabas. Jirgin da ke tafiya da filafilai ba shi da zaɓi, sai ya jira iskar da ta yi daidai da inda ya nufa. Sabo da haka kowace tashar jiragen ruwa tana da nata "mausim", watau kwanakin da a kan tashi daga cikinta zuwa wuri kaza. Ahmad ibn Majid, shahararren jagoran jiragen Larabawa, ya tsara waɗannan kwanaki cikin littafinsa Kitab al-Fawa'id wajen 1490, yana ƙirga su daga ranar Nairuz, farkon shekarar Farisawa. Da haka kalmar ta bi fatake ta shiga harsuna da yawa: "mausam" a Hindu da Urdu, "musim" a Malay, "msimu" a Swahili, "mevsim" a Turkanci. A dukansu lokaci ta ke nufi. Iskar kanta tana da nata sunaye dabam, kamar yadda Swahilawa ke ce wa ta arewa "kaskazi", ta kudu "kusi".

Mutanen Fotugal su ne Turawan da suka fara cin karo da kalmar, kuma sun biya kuɗin karatu da tsada. Vasco da Gama ya tashi daga Malindi ran 24 ga Afril 1498, da jagora wanda ya san teku, ya isa gaɓar Kalikut ran 20 ga Mayu, bai cika wata guda ba. Da zai komo sai ya tashi ba a kan lokaci ba. Ƙetarewar da ya yi cikin mako uku da 'yan kwanaki ta ci masa wata uku, mutanensa wajen 30 suka mutu a hanya, har ya ƙone ɗaya daga cikin jiragensa don babu masu tuƙa shi. Daga nan Fotugal suka riƙe kalmar, suka mai da ita "monção". Mutanen Holan suka karɓa, Ingilishi kuma suka fara rubuta ta wajen 1580 da 'yan kai.

A hannun Turawa ma'anar ta gusa sau biyu. Da fari ta bar lokacin tashi ta koma kan iskar da a ke tashi da ita. Cikin 1686 Edmond Halley ya buga bayaninsa a London, tare da taswirar iskokin duniya, inda ya nuna cewa bambancin zafin ƙasa da na teku shi ke juya iskar. Daga baya, da Ingilishi suka zauna mulkin Indiya, hankalinsu ya koma kan noma da haraji da yunwa, sai kalmar ta sake gusawa daga iska zuwa ruwan da iskar ke kawowa. Wannan ma'ana ta uku, wadda ta fi duka ƙuruciya, ita ce ta iso makarantunmu.

3. Iskar nan a ƙasar Kano

Masana yanayi na zamanin nan sun koma ga ma'anar juyawa. Cikin 1971 C. S. Ramage ya kafa sharaɗi cewa ba a kiran ƙasa ta "monsoon" sai iskarta ta juya da daraja 120 ko fiye tsakanin Janairu da Yuli. Afirka ta Yamma ta cika wannan sharaɗi sarai.

Ga yadda abin ya ke. Da bazara rana ta kan gasa Sahara, iskar can ta yi zafi ta yi sama, sai iska mai laima ta taso daga teku ta kudu maso yamma don ta cike gurbin. Ta kan iso Kano wajen Afril ko Mayu, mutane su ji zufa ta ƙaru tun ba a ga digon ruwa ba. Ruwa ya kan kankama cikin Yuni, ya yi marka cikin Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Abin da Kano ke samu a matsakaiciyar shekara wajen inci 33 ne, watau kusan milimita 850. Daga Nuwamba sai iska ta juya ta fito daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Wannan ita ce hunturu.

A nan akwai abin da kan rikitar da almajirai. Malam ya ce iskar damina daga kudu maso yamma ta ke, yaro kuwa tun yana goye ya san hadari daga gabas ya ke tasowa. Duka biyu gaskiya ne. Iskar ƙasa-ƙasa ita ke kawo laima daga teku, amma can bisa akwai wata iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ke koro hadarin. In malami bai warware wannan ba, yaro zai ɗauka ko littafi ya yi ƙarya ko idonsa.

4. Abin da ya sa kalmar ba ta zauna a Hausa ba

Hausa ta ari kalmomin lokaci daga Larabci ba kaɗan ba: lokaci, sa'a, zamani, da sunayen ranakun mako. Malamai kuma su kan ƙirga shekarar noma da taurari 28 na Larabawa, kusan kowane kwana 13, su ce damina ta kama da Haƙa'a da Han'a da Zira'a. Amma "mausim", ko da ya ke masu karatun littattafai sun san ta, ba ta zama kalmar gona ko ta kasuwa ba.

A ganina dalilai biyu ne. Na farko, gurbin a cike ya ke. Bahaushe ya riga ya yanka shekararsa: bazara, damina, kaka, ɗari, rani, har da ƙananan gaɓoɓi irin su marka da agazari. Na biyu, Larabcin da ya zo mana ta Sahara ya zo, a bayan raƙumi da cikin gafakar malamai, ba ta teku ba. Ma'anar da ta haifi "monsoon" kuwa ta matuƙan jiragen ruwa ce. Abin lura ne cewa sunan da Turawa ke kiran hunturu da shi, "harmattan", shi ma a bakin teku suka tsince shi, wajen mutanen Akan na ƙasar da a ke kira Gana yanzu.

Amma rashin kalmar ba rashin abin ba ne. Kano tana da nata "mausim", sai dai da rani ya ke zuwa. Da damina rafuffuka su kan cika, hanya ta yanke, kowa yana gona. Sai ruwa ya ɗauke ayarin gishiri ke saukowa daga Bilma da Azbin, fataken goro su kama hanyar Gwanja. Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano cikin Fabrairu 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin 30,000, ya ce daga Janairu zuwa Afril baƙi kan sa su kai 60,000. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ainihin "mausim" na fatake ita ce "cin rani".

5. Bompai da Sharaɗa da Challawa

Mai karatu zai iya zaton zuwan injuna ya raba ciniki da juyin iska. Tarihin unguwannin masana'antu na Kano bai nuna haka ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka shiga tara buhuna dala-dala, aikin da ya fito da sunan Alhassan Ɗantata. Dalar gyaɗa kuwa 'yar rani ce, don ba a iya jibge buhu a fili sai an tabbata sama ta bushe. Bompai, wadda ta girmi sauran, ta tashi kusa da hanyar jirgi a kan amfanin da damina ke bayarwa: matsar man gyaɗa, saƙar auduga, jimar fata. Sharaɗa a kudu maso yammacin birni, da Challawa a bakin kogin da ta ci sunansa, daga baya suka biyo. Sa'ad da iskar teku ta gaza a farin 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa kuma ta biyo cikin 1975, dalar ta ɓace, ba ta kuwa komo ba. Tsofaffi sun tuna irin wannan gazawa a yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a wurare da yawa a ke kira Kakalaba.

Cikin ɗakin aiki ma iskar tana da hukunci. Zaren auduga ya kan tsinke in iska ta bushe ƙwarai, sabo da haka masaƙun zamani, waɗanda yawancinsu an rufe su yanzu, sai da suka riƙa sa laima cikin ɗakunan kaɗi da hunturu. Fata kuwa ta fi son rani, don da damina ta kan ruɓe kafin ta bushe in ba a sa mata gishiri ba.

Mafi nauyi duka shi ne sha'anin ruwa. Dagwalon majemu da marina na Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa, inda na Challawa ma ke zuba. Da damina ruwan sama ya kan surka shi ya tafi da shi. Da rani kuwa, sa'ad da rafi ya ƙafe, abin da ya rage cikinsa yawanci na masana'anta ne da na kwatami, kuma daidai lokacin nan ne masu lambu ke ban ruwa da shi. Wanda ya auna ruwan rafin cikin Agusta kaɗai, ya ce lafiya lau, rabin shekara ya auna.

Wani abin sha'awa shi ne kalmar ta iso waɗannan unguwanni da ƙafarta. Kwarori da Indiyawan da ke aiki cikinsu suna faɗin "mausim" da "mausam" a harsunansu na gida, da tsohuwar ma'anarta ta lokaci.

6. Shawara ga masu koyarwa

Daga abin da ya gabata, fassara "monsoon" da "damina" kurum ta gaza ta fuska biyu: ta ɗauki lokaci a madadin iska, ta kuma yar da rabin shekara. Hunturu ba abokin gābar damina ba ne, komowar iskar nan ce guda. Sabo da haka ina ba da shawara uku. A kira wadda ke tasowa daga teku "iskar damina". A kira wadda ke fitowa daga Sahara "iskar hunturu". In kuwa a na nufin tsarin duka, a ce "juyin iskar shekara". Kalmar Turanci a ambace ta sau ɗaya, a gaya wa almajirai asalinta na Larabci, don su gane ta in sun gamu da ita a jarrabawa.

Sauran aiki yana kan malaman kwalejojin horo. Kowannensu yana da almajirai daga Sakkwato, Katsina, Zazzau, Haɗeja da Damagaram, inda wani ke cewa damina, wani damana, wani damuna. Ya kamata a sa su tambayi manoma da masunta da majema sunayen da su ke kiran kowace iska da kowane irin ruwa, a rubuta da sunan gari da watan da a ke faɗinsu, a aiko wa Sashen Hausa don a tara su wuri guda.