Likita da Asibiti a Hausar Tasawa da Mayahi

Kalmomin nan biyu daga Ingilishi Hausa ta aro su, watau "doctor" da "hospital", kuma ko a can ba su haɗa tushe ba. Ta farko daga kalmar Latin mai nufin koyarwa ta fito, ta biyu kuwa daga wadda ke nufin baƙo da mai masauƙinsa. Aikin jinya ne kaɗai ya gama su.

Ingilishi bai taɓa zama harshen mulki a ƙasar Tasawa ba. Sojan Faransa sun ratsa ta a 1899, yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka tabbatar da iyaka tsakaninta da Katsina, kuma Tasawa ta riƙe mazaunin kwamandan har 1927 da aka mai da shi Maraɗi. Amma iyakar ba ta tare kasuwa ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatake da masu gyaɗa da ƴan cin rani suka riƙa komowa gida da kalmomin kudu, irin su mota da kanti, alhali makarantar boko ta zo da sunanta na Faransanci, watau lakwal.

A Kano da Zariya aikin kalmomin a rabe yake: likita mutum ne, asibiti wuri ne. A Tasawa da Mayahi kuwa likita ta haɗa duka biyu. Idan aka ce an kai yaro likita, gidan magani ake nufi, ko da babu kowa a ciki sai ma'aikacin jinya. Nahawu ya bi ma'ana, domin wurin ya zama tamace, shi ya sa ake cewa "babbar likita". An san asibiti, ana kuma jin ta a rediyo, sai dai ba ita ke fara zuwa bakin mutumin karkara ba.

Tun da Nijar ta soma yaƙi da jahilci a 1963, an fi kula da daidaita haruffa, kamar a taron Bamako na 1966, fiye da daidaita ma'ana. Littafin kiwon lafiya da aka tsara a Zariya, in ya ce "likitar garinmu", mace mai digirin likitanci yake nufi. Ɗalibi a Mayahi zai ɗauka ginin da ke bakin kasuwa ne. Ya kamata mai tsara darasi ya rubuta "gidan likita" duk inda wuri yake nufi.