Ƙofa da Fom: Tarihin Yadda Manhajar Wi-Fi Ke Magana da Ƙwayar Linux

A Hayin Banki, kamar sauran unguwannin Kaduna ta Arewa irin su Kawo da Unguwar Dosa, ya zama ruwan dare a ga ɗalibi ya buɗe wa abokinsa Wi-Fi ta wayarsa, ko ma'aikaci ya haɗa kwamfutarsa da wata 'yar na'ura domin aika takardun ofis. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, kuma yawancin manyan wayoyin da suka cika hannun jama'a daga baya, irin su Tecno da Infinix, manhajar Android ce ke tafiyar da su. Ita kuwa Android an gina ta ne a kan Linux. Saboda haka wata gardama da masana suka shafe shekaru suna yi a Turai da Amurka, wato ta yaya ya kamata manhajar da ke kula da Wi-Fi ta riƙa isar da buƙatunta ga ƙwayar Linux, ta shafi mutanen da ba su taɓa jin labarinta ba.

Da farko ya kamata a san mece ce ƙwaya. Tun daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Amurka a 1969, an raba manhajar kwamfuta gida biyu. Akwai ƙwaya, wadda ita kaɗai ke da ikon taɓa kayan na'ura, sa'an nan akwai sauran manhajoji da ke waje, waɗanda ba su da abin yi sai roƙo. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta tarihin Daular Sakkwato, inda sarkin Kano ko na Zazzau ba ya kai buƙatarsa ga Sarkin Musulmi kai tsaye, sai ta hannun ƙofarsa, wato Waziri. Dalilin ɗaya ne: idan kowa zai kutsa fada, ranar da wani ya yi ɓarna gidan duka ne zai rushe.

Ƙofar da Unix ta tanada domin buƙatun da ba karatu ko rubutu ba ita ce ioctl, wadda ta bayyana a bugu na 7 a 1979. Linus Torvalds ya gaje ta da ya soma Linux a Helsinki a 1991. Aikinta kamar cike fom ne: manhaja ta ba da lambar buƙata, ta miƙa takarda mai ƙayyadaddun gurabu, ƙwaya ta duba ta amsa. A kan wannan ƙofa ce Jean Tourrilhes, wani Bafaranshe mai bincike a kamfanin Hewlett-Packard, ya gina tsarin da ya kira Wireless Extensions wajen 1996 zuwa 1997, a daidai lokacin da ake kammala ƙa'idar 802.11, wadda saurinta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. Ya ware lamba ga kowane abu, ɗaya ta sunan tasha, ɗaya ta zango, ɗaya ta mabuɗin sirri, ya kuma rubuta 'yar manhajar iwconfig domin mai kwamfuta ya aika su. A zamaninsa aikin ya dace, domin katin rediyon wancan lokaci shi ke yin kusan kome da kansa, abin da yake bukata kawai a gaya masa suna da zango.

To, amma duk ma'aikacin gwamnati ya san cutar fom. Ranar da aka buga shi ya dace da buƙata, bayan shekara biyar sai a ga ana rubutu a gefe da baya. Haka ta faru. Shiga tasha aiki ɗaya ne, amma tsarin ya yanka shi gunduwa-gunduwa, a aika suna, a aika zango, a aika mabuɗi, sa'an nan direba, wato ɓangaren ƙwaya mai sarrafa katin, ya yi ta kirdadon ko an gama ko da saura. Wani direban yana farawa da zarar ya ji suna, wani yana jira. Masu ƙera katuna kuma, da suka rasa gurbin da za su sa sababbin abubuwansu, sai kowa ya ƙirƙiri lambobinsa na kansa. Girman takardar ma ya bambanta tsakanin kwamfuta mai bit 32 da mai bit 64, har sai da aka rubuta wani tafinta a tsakani.

Abin da ya ƙara tona asirin tsarin shi ne tsaro. A 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa kullen WEP ana iya ɓalle shi. Aka fito da WPA a 2003, da WPA2 a 2004, waɗanda ke bukatar musayar saƙo huɗu tsakanin na'ura da tasha kafin a amince da juna. Jouni Malinen, ɗan ƙasar Finlan, ya rubuta wpa_supplicant domin wannan musaya, ya kuma ajiye ta a wajen ƙwaya, abin da ya yi daidai, domin lissafin sirri yana yawan canzawa kuma kuskure a cikinsa bai kamata ya kayar da na'ura duka ba. Sai dai ya tarar dole ya rubuta harshe dabam ga kusan kowane direba. A 2004 kamfanin Red Hat ya fito da NetworkManager, wadda ke zaɓar tasha da kanta ba sai mutum ya buga umurni ba, ita ma ta ci karo da wannan bambancin hali. A cikin waɗannan shekaru ne Gidauniyar Fantsuam ta kafa Zittnet a Kafanchan, a kudancin Jihar Kaduna, inda aka raba intanet na tauraron ɗan'adam ga cibiyoyin yankin ta rediyo, da taimakon wutar hasken rana. Ga masu irin wannan aiki a karkarar Afirka, inda babu kuɗin zaɓen kaya, direba mai taurin kai ba ƙaramar matsala ba ce.

A 2006 aka yi wata 'yar rigima mai ban sha'awa. A bugu na 21 na tsarinsa, Tourrilhes ya gyara yadda ake ƙirga tsawon sunan tasha, wanda a da ake ƙara masa ɗaya. Gyaran gaskiya ne, kuma bambancin harafi ɗaya ne tak. Amma tsofaffin manhajojin da ke hannun mutane suka kasa shiga tasha. Torvalds ya ƙi yarda, bisa ƙa'idarsa cewa sabuwar ƙwaya ba za ta karya manhajar da ke aiki jiya ba, aka koma aka sa ƙwaya ta karɓi ƙirgen biyu. Daga nan kowa ya gane cewa fom ɗin ba ya gyaruwa, kuma ba ya yarduwa.

Mafita ta zo ta wata ƙofa da ke nan tuntuni, wato netlink, wadda Alexey Kuznetsov ya gina domin sadarwa ta waya. Ita ba fom ba ce, ta fi kama da wasiƙa mai kanun magana: kowane bayani yana ɗauke da lambarsa da tsawonsa, don haka ana iya ƙara sabo ba tare da an motsa tsoho ba, mai karatu kuma ya tsallake abin da bai sani ba. Har wa yau ƙwaya na iya yin shela ga duk manhajar da ta yi rajista, cewa an gama neman tashoshi ko an rabu da tasha. Johannes Berg, Bajamushe, ya gina nl80211 a kanta, tare da cfg80211, wani mataki a cikin ƙwaya wanda ke duba kowace buƙata kafin ta isa ga direba. A 2007, cikin bugu na 2.6.22, aka shigar da mac80211, wanda asalinsa kyauta ce daga kamfanin Devicescape, domin direbobi su daina maimaita aiki ɗaya kowa da salonsa. Yanzu buƙatar shiga tasha saƙo guda ce, da suna da zango da irin kulle duk a ciki, kuma kati yana bayyana abin da zai iya kafin a tambaye shi abin da ba zai iya ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafi hukuma kai tsaye. Zangon rediyo dukiyar ƙasa ce, kowace ƙasa da dokarta. A zangon gigahaz 2.4, Amurka ta tsaya a tasha ta 11, ƙasashen Turai kuwa sun kai ta 13. A Nijeriya Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda aka kafa a 1992, ita ke da wannan iko a kan sadarwar kasuwanci. Masu Linux ba su so su zuba dokokin ƙasashe cikin ƙwaya ba, domin doka na canzawa, sai suka tara su a wani kundi dabam mai sa hannu, kowace ƙasa da haruffanta biyu, na Nijeriya NG. Daga 2008 wata manhaja ta waje mai suna CRDA ke miƙa wa ƙwaya dokar ta nl80211. Daga bugu na 4.15 a 2018 ƙwaya ta koma karanta kundin da kanta. Na'urar da aka sayo daga waje aka kawo Hayin Banki tana iya ƙin ganin tashar maƙwabci saboda kawai tana bin dokar ƙasar da ta fito.

Tsohon fom bai mutu nan take ba. Saboda ƙa'idar Torvalds, an bar wani tafinta a cikin cfg80211 yana juya tsofaffin lambobi zuwa sabon harshe har shekara goma sha biyar da 'yan kai, ko da yake Android tun bugunta na 8 a 2017 ta sa wata manhaja mai suna wificond tana magana da ƙwaya ta nl80211. Abin da ya kawo ƙarshen haƙurin shi ne Wi-Fi 7, inda na'ura ke iya riƙe zango biyu ko uku a lokaci guda da tasha ɗaya. Fom ɗin Tourrilhes gurbi ɗaya yake da shi na zango. A 2023 aka rufe wannan ƙofa ga duk katin da ke da wannan iko, aka kuma sa ƙwaya ta rubuta gargaɗi, da sunan manhajar, idan wata ta ƙwanƙwasa ta.